Majalisar Tsohon Coci

Wata Juma'a ce a ƙarshen damina, gero ya yi kai, dawa ta fara ja. Ɗantsoho ya taso daga gona bayan la'asar, ko wanka bai yi ba Rabaran Filibus ya tare shi a bakin sabon coci.

"Baba Ɗantsoho, jibi Bishop zai zo, ga shi kujerarsa tana can tsohon coci. Ka taimaka ka ɗauko ta kafin mu zauna majalisa."

Ɗantsoho ya ɗaga kai ya dubi rana, ta yi ƙasa sosai. Ya ce, "Rabaran, da an bari sai da safe."

"Da sassafe mata za su yi shara da ado, suna so su same ta a nan. Kai ne mai makulli, Baba."

Gaskiya ne, shi ne mai makulli. Ɗantsoho ne wakilin jama'a a majalisar ikilisiyar Angalikan ta garinsu, can kan hanyar Daura zuwa Baure. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ya san kwanon rufin da ke yoyo da bencin da ƙafarsa ta karye. In mawaƙa sun yi faɗa da masu shara, ƙofar gidansa ake zuwa.

Amma akwai wata rigima da ta fi ƙarfinsa. Tun da aka gina sabon coci na bulo a bakin titi, aka bar tsohon na ƙasa a Gidan Barmo, ƙauyen da mutane suka watse daga cikinsa bayan rijiyarsu ta ƙafe. Majalisa ta rabu biyu a kansa. Nagoggo, shugaban maza, ya ce a rushe shi a noma filin. Shatu, uwar Zumuntar Mata, ta ce sai dai a bi ta kan gawarta, don a ciki aka yi mata baftisma, a ciki aka ɗaura mata aure. Ita so take a gyara shi ya zama rumbun hatsin gwauraye. Rabaran baƙo ne, ba ya son ɓata wa kowa. Ɗantsoho kuwa yana tsaka mai wuya, don Nagoggo surukinsa ne, ɗansa ke auren 'yar Ɗantsoho, Shatu kuma ƙanwar Ɗantsoho ce, 'yar ƙanin mahaifinsa. Duk zaman da aka yi sai ya ce a ƙara addu'a tukuna. Yau dai an ce ba wani ɗagi, za a yanke magana, kuma kowa ya san inda bakinsa ya karkata nan za ta faɗi.

Da wannan damuwa ya ɗaura igiya a bayan babur ya kama hanya.

Da ya sauka daga kwalta ya shiga burtali, gero ya rufe shi hagu da dama, ya fi shi tsayi. Iska ba ta motsi, amma karan sai kaɗawa suke yi, shuu, shuu, kamar wani na bin sa daga ciki. Ya wuce rugar Malam Maharazu, ya hango yara suna kora shanu gida. Ya ɗaga musu hannu. Daga nan bai ƙara ganin ɗan Adam ba.

Gidan Barmo ta zama kufai. Bangaye sun zube, tafasa da ƙarangiya sun cinye tsakar gidaje. Cocin kaɗai ke tsaye, da ƙaramin gicciyensa na ƙarfe da ya karkace. Ɗantsoho ya kashe babur. Kwaɗi da suka cika fadama da kuka suka yi tsit lokaci guda, kamar an rufe musu baki.

Sai ya ji magana a cikin coci.

Ya kasa kunne. Muryar Nagoggo ce, da irin kaurinta, yana cewa ƙasa ce kawai da azara, me ake wa kuka. Shatu ta katse shi da tsawa. Rabaran yana ta cewa, "Ku yi haƙuri, ɗaya bayan ɗaya."

Ran Ɗantsoho ya ɓaci. Wato sun shirya su zo su duba ginin kafin a yanke magana, shi ne ba wanda ya gaya masa? Shi da makulli ke aljihunsa? Ya nufi ƙofa yana huci. Kwaɗon yana nan a kulle, ya yi tsatsa, har gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsa. Ya ce a ransa ta ƙaramar ƙofar baya suka shiga. Bai tsaya ya tambayi kansa ina baburansu suke ba.

Ya murɗa makulli, ya tura ƙofa.

Warin kashin jemage ya buge shi, da warin danshin ƙasa. A ƙarƙashinsu akwai wani wari kuma, kamar na gashi da aka babbake.

Suna can gaba kusa da bagadi, sun jera benci, duk sun ba shi baya. Ɗan hasken da ya rage yana shigowa ta taga, ja kamar manja. Ya gane ɗankwalin zumunta a kan Shatu. Ya gane hular Nagoggo. Sauran 'yan majalisa ma suna nan, kowa a inda ya saba zama tun ana taro a wannan ɗaki.

"Salama a gare ku," in ji Ɗantsoho.

Ba wanda ya waiwayo.

Ya taka a hankali. Ƙasan cocin ta yi laushi da garin gara da ya zubo daga rufi, ƙafarsa tana nitsewa a ciki. Ya dubi gabansa. Tun daga ƙofa har bagadi garin yana kwance sumul, ba sawun kowa. Ya dubi wajen ƙofar baya. An jingine mata katon gungume daga ciki, yadda shi da kansa ya jingina shi ranar da aka tashi.

Ya tsaya cak.

"Ɗantsoho."

Muryar Rabaran ce, a tausashe. Tun yana yaro kakarsa take gaya masa kada ya amsa kira da magariba sai ya ga fuskar mai kiran. Amma bakin da ya saba amsa wa shugaba ya riga tunani.

"Na'am, Rabaran."

Wani irin numfashi ya zaga ɗakin, kamar na mutanen da suka daɗe suna jira.

"Kai muke jira. Ba mu cika ba. Zo ka zauna."

Kujerar Bishop tana tsakiya, doguwa, mai sassaƙa a jiki. Ita kaɗai ce ba kowa a kai. Ita kaɗai ce kuma ba ƙura a jikinta, tana sheƙi kamar an shafe ta da mai.

"Ba wurin zamana ba ne," in ji shi. "Kuma... ba mu buɗe da addu'a ba."



Can mai hular Nagoggo ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Dariyar ta fito, kafaɗunsa ba su motsa ba.

"An wuce nan," aka ce. "Magana ɗaya ta rage. A rushe ko a bari?"

"A rushe ko a bari?" in ji mai ɗankwali.

"A rushe ko a bari?" Duk suka ɗauka, da raɗa. Daga benci, daga bayan bagadi, har daga cikin rufi inda jemagu suke.

Ɗantsoho ya ja da baya. Ƙafarsa ta ƙi. Ya ji sanyi ya kama idon sawunsa, yana hawa. Bai san lokacin da ya matso ba, sai ga hannunsa a kan hannun kujerar. Katakon yana da ɗumi. Yana kuma motsi a hankali, sama da ƙasa, kamar ƙirjin mai barci.

A daidai nan waya ta yi ƙara a aljihunsa.

Da kyar ya zaro ta da hannun hagu. Ya danna.

"Yaya, wai ina ka shige ne?" Muryar Shatu ce, da hayaniyar mutane a bayanta. "Duk muna nan sabon coci, Rabaran ya ce kai kaɗai ake jira. Nagoggo har ya fara mita."

Ya dubi wayar. Ya dubi mai ɗankwalin da ke zaune gabansa, ko taku biyu babu.

Kanta ya fara juyowa. Jikin bai juyo ba. Kan kaɗai, a hankali, yana ƙara kamar ana murɗa ɗanyen kara.

Ƙarƙashin ɗankwalin babu ido, babu hanci. Baki ne kawai, a tsaye, daga goshi har haɓa.

Bakin ya buɗe. Muryar Shatu ta fito.

"Yaya, a rushe ko a bari?"

Duk suka miƙe. Suka yi ta tsawo, huluna suna gogar azara. Warin gashin nan ya toshe masa hanci. Wani abu mai sanyi ya dafa kafaɗunsa biyu yana danna shi kan kujera.

"A bari!" Ɗantsoho ya kurma ihu. "A bari! A bar muku!"

Ya ji kalmar ta fita, wani abu kuma ya bi ta daga can cikin maƙogwaronsa, kamar ana zare zare daga bakin buhu. Ya buɗe baki zai kira sunan Yesu.

Iska kawai ta fito.

Bayansa ya taɓa katako.

"Yaya! Da wa kake magana? Yaya!" Wayar tana hannunsa har yanzu. Shatu ta ji muryarta tana fitowa daga can, alhali ita ba ta ce komai ba. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Cikin sunan Yesu Almasihu, ku sake shi! Rabaran, ku yi addu'a! Yaya, tashi ka fito!"

Ta cikin 'yar wayar nan addu'a ta ɓarke, maza da mata, muryar Nagoggo ta fi ta kowa ƙarfi.

Hannayen suka yi sako-sako.

Ya fizge. Rigarsa ta yage, rabi ya zauna a jikin kujera. Ya faɗi, ya rarrafa, ya tashi. Jemagu suka zubo daga rufi suna marin fuskarsa. Ƙofa tana rufuwa da kanta, ya kutsa ta gefe, ta ƙwarzane masa kafaɗa.

Bai ko dubi babur ba.

Ya faɗa cikin gero. Ganye yana yankar fuskarsa. A bayansa kara na karyewa, ƙas, ƙas, ƙas, daidai da takunsa. In ya ƙara gudu, a ƙara. Takalminsa ɗaya ya cire. Bai waiwaya ba.

Sai ya ji warin hayaƙi da kashin shanu. Ya fito fili, ya zube a gaban Malam Maharazu, wanda ya sallame sallar magariba ke nan yana zaune kan buzu.

Karan da ke bayansa suka tsaya.

Dattijon ya dubi gero, ya dubi mutumin da ke kwance yana nuna baya da yatsa, bakinsa na motsi ba sauti. Ya yi a'uziyya, ya cire mayafinsa ya lulluɓe shi.

"Maƙwabci, Gidan Barmo ka shiga da almuru?" Ya girgiza kai. "Gidan da mutane suka bari ba ya zama haka nan. Ko shanuna ba sa bi ta wurin."

Shi ya riƙe shi a ruga har Rabaran da Nagoggo suka iso da fitilu. Nagoggo ne ya goya shi zuwa titi, yana tafe yana kuka kamar yaro.

Ɗantsoho ya yi makonni a kwance. An kai shi asibiti a Daura, likita ya haska maƙogwaron ya ce bai ga komai ba. Bishop ya zo ya zauna a kan kujerar roba da mata suka lulluɓe da farin zane, bayan sujada kuma ya je har gida ya ɗora masa hannu. Da rana tsaka samari suka je a ƙungiya suka turo babur. Ba wanda ya yarda ya leƙa ciki, suka mai da kwaɗo suka kulle.

Majalisa ba ta ƙara tayar da zancen tsohon coci ba. Nagoggo ya ce shi ya janye, Shatu ta ce a gina wa gwauraye rumbu a bayan sabon. Aka kuma mai da zaman majalisa ranar Lahadi da hantsi, ƙofofi da tagogi a buɗe.

Jikin Ɗantsoho ya dawo, ya koma gona, makullai suna hannunsa har yau. Murya ce ba ta dawo ba. Mutumin da a da in yana sanarwa a coci har masu shayi a bakin titi suna ji, yanzu sai ka kai kunne bakinsa kafin ka tsinci abin da yake faɗa.

Da kaka ta yi, Malam Maharazu ya zo gaishe shi da ƙwaryar nono. Suka zauna a zaure, suka taɓa zancen amfanin gona. Da zai tafi sai ya rage murya.

"Ban so in gaya maka ba, maƙwabci. Amma ran Juma'a da magariba, in iska ta juyo wajenmu, muna jin su suna ta gardama a can. Akwai guda ɗaya da ya fi kowa ɗaga murya." Ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi. "Yarana ma sun gane muryar. Suka ce, Baffa, ashe Baba Ɗantsoho ya warke?"