Jirgin da Mahaifin Alden Ya Sassaƙa

"Alden! Ruwa! Ruwa yana shigowa!"

Ina durƙushe a cikin jirgin, ruwan teku mai sanyin ƙanƙara ya rufe min idon sawu. Hannuna har ya sage wurin buga famfo.

Daga sama na jiyo dariyarsa, yana riƙe da sitiyari hankalinsa kwance.

"Haba Brenna, zuciyata! Jirgin katako ne fa. Ya yini ya kwana a tudu duk lokacin sanyi, ya bushe. Dole ya sha ruwa kafin katakon ya kumbura ya toshe kansa."

Na sani. Duk ɗan garinmu Lunenburg ya san wannan tun yana goye. Amma an kwana biyu da saukar da jirgin, mai suna Loretta, cikin ruwa, sauran jiragen da aka saukar tare da shi duk sun gama sha sun daina yoyo. Kuma ruwan da ke ɓulɓulowa ta ƙarƙashin ƙafata ja ne, jan tsatsa, daidai inda dogayen ƙusoshi suke riƙe da dalmar da ke rataye a gindin jirgin. Wannan dalmar ce ke hana shi kifewa.

Iska ta bugi babban ƙyallen da ke tura mu, jirgin ya karkata, sai na ji ƙasan ya motsa a tafin ƙafata.

Na ɗaga kai na ƙwala masa kira.

"Ka juya... Don Allah Alden ka juya mu koma!"

Ya juya ɗin a fusace, ya kawo mu matsayar jirage.

Can muka tarar da Dara, wadda suka taso tare suna tseren ƙananan jirage, wadda kuma duk garin ya san ba ta taɓa yafe min zoben baikon Alden da ke yatsana ba. Ita ta cafe igiya ta ɗaure, ta kalli jiƙaƙƙen wandona ta taɓe baki.

"Amarya ta ga cokali biyu na ruwa ta rikice? Wannan ce za ta raka ka ƙetare teku har tsibirin Bermuda?"

Na wuce ta na nufi gida.

Loretta ba jirgi ba ne kawai a wurin Alden. Mahaifinsa ya sassaƙa shi da hannunsa a bayan gidansu, ya rasu bai cika burinsa na ƙetare teku da shi ba. Shi ne Alden ya rantse bayan ɗaurin aurenmu da shi za mu tafi.

A gida kuwa Mama ta dire min kwanon miyar kifi a gabana da ƙarfi.

"Na ba teku ubanki, ba zan ƙara mata da ke ba. Ko ya sayar da ruɓaɓɓen abin nan ya sayi sabo, ko a fasa auren!"

"Mama, ina son shi..."

"Ni ma ina son nawa. Ko gawarsa ban gani ba."

Na ture kwanon gefe.

Washegari Alden ya faɗo shagon burodin da nake aiki, idanunsa jajur.

"Ke kika turo dillali ya yi wa jirgin babana kuɗi?"

"Wane dillali?"

"Ya zo yana ƙwanƙwasa shi yana yatsina fuska kamar ya ga mushe! Dara ta ce ta gan ku tare."

"Wallahi ban..."

"Ya isa! Gobe da safe zan fita da shi can tsakiyar teku, inda ba a hango tudu. Dara za ta raka ni. In na dawo sai ki faɗa wa Mama ruɓaɓɓen ya dawo da ƙafarsa."

Ya fita. Na zube a kan buhun fulawa ina kuka, ba kishin Dara ne ya fi cin raina ba, a'a, motsin nan da na ji a tafin ƙafata ne. Idan dalmar ta ɓalle a can, jirgi kifewa yake kafin mutum ya buɗe baki.

Da gari ya waye na riga su isa. Na sauka cikin Loretta na zauna a kan benci, ƙafafuna cikin jan ruwan. Haƙorana sai haɗuwa suke.

Alden ya leƙo ya yi turus.

"Me kike yi a nan?"

"Tafiya zan yi."

"Brenna, fito."

"Ka ce lafiyarsa ƙalau. To mu je, masoyina. In lafiyarsa ƙalau ga Dara, lafiyarsa ƙalau gare ni."

Dara ta ja tsaki daga sama.

"Wasan kwaikwayo! Saki igiya mu tafi, Alden, in ta yi amai ta goge da kanta."

Ya koma ya kama igiyar. Ina hango hannunsa ta ƙofar. Ya warware zagaye ɗaya... ya tsaya. Ya waiwayo ya kalle ni, ya kalli ruwan da ke lasar ƙafata. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, domin na san in ya saki ba zan fita ba.

"Alden!" Dara ta daka masa tsawa.

A hankali ya mayar da igiyar ya ɗaure tam.

"Da ni kaɗai ne..." Ya kalli Dara. "Ba zan iya da ita a ciki ba. A kawo injin ɗaga jirage."

Kafin rana ta take Loretta na rataye a tudu yana ɗigar ruwa. Alden da kansa ya ɗauki guduma ya koro ƙusa ta farko cikin masu riƙe da dalmar. Samanta lafiya lau, kauri kamar babban yatsa. Tsakiyarta kuwa tsatsa ta cinye, ta koma kamar tsinken sakace.

Ya ɗan lanƙwasa ta da yatsu biyu, ta karye.

Ta biyu ma a gutsure ta fito.

Ya sulale ya zauna a ƙasa cikin laka. Ana haka sai ga dillalin nan ya ratso cikin masu kallo, ya nufi Dara yana washe baki.

"Dara, kin ce mai jirgin ya shirya sayarwa, to yau ne?"

Kowa ya juyo ya kalli Dara. Ta zari jakarta ta bar wurin, ko waiwaye babu.

Na durƙusa kusa da Alden.

"Da na kashe ki, Brenna... Da hannuna! Ki yafe min. A sayar, a fasa shi a yi itace, duk abin da kika ce. Mu nemi sabo."

Na ɗaga kai na kalli cikin jirgin. Mai gyaran jirage ya riga ya bi haƙarƙarinsa da guduma ya ce katakon garau yake, sai dai aikin zai ci mu har sanyi ya zagayo ya sake zagayowa.

"Sabon ban san abin da ke cikinsa ba," na ce. "Wannan za mu buɗe shi tas. Kowace ƙusa sai na gan ta da idona kafin ta shiga. In na ce a'a, a'a ce."

Ya rungume ni yana kuka kamar ƙaramin yaro.

A rumfar gyaran jirage aka ɗaura mana aure, a ƙarƙashin Loretta da aka tuɓe wa rabin jiki, gefen farar rigata duk garin katako. Mama ta zo, ko da yake sai da aka kusa farawa. Ta daɗe tana zagaya jirgin tana shafa shi, sannan ta tsaya gaban Alden.

"Ban yarda ba har yanzu," ta ce. "Amma ta zaɓa. Ka yi min alkawari za ka dawo min da ita."

A garinmu babu mai fita teku da ke ɗaukar wannan alkawarin, don babu mai iko da teku, Mama kuma ta fi kowa sani.

Alden ya buɗe baki, ya rufe. Hawaye suka zubo masa.

Mama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta gyaɗa kai.

"Da ka ce e, da na tafi da 'yata yanzun nan."

Ta kamo hannuna ta saka a cikin nasa.