Cinyar Ɓarawon Doki

Ranar Asabar da hantsi Alhaji Kalilu na Mashi ya faɗo ofishin 'yan sanda yana huci. Jiya, ana sallar Juma'a, an kwance masa ingarman dokinsa.

"Audi ne, mai kula da shi! Ku ɗaure min shi, Sufeto."

Sufeto Ikrima ya ɗauki hularsa kawai. Shi mutumin karkarar Sandamu ne, a bayan doki ya girma, kuma ba ya jin kunyar faɗa.

A bargar ya tarar da dattijo Audi a tsugune, mutanen unguwa sun kewaye shi. Mutumin da ya yi furfura ba a taɓa kiransa ɓarawo ba, yau ga shi ana nuna shi da baki. Abin ya sosa wa Sufeto rai.

"Malam Audi, ina sirdin?"

"Yana ɗakina a kulle, Yallaɓai. Ga makullin."

Ashe ba sirdi aka hau. Sawun kofato kuma ya nuna sukuwa aka yi, aka nufi arewa.

"Wa ya ga fitarsa?"

"Ni na gani," in ji Yazid, ɗan ƙanin Alhaji, mai shagon kayan babur. "Da idona na ga Audi a kai."

Yazid ya taso yana tafiya a tale kamar agwagwa, yana cije leɓe.

"Me ya sami ƙafar?"

"Maruru ne, Yallaɓai."

"Duka biyu? Kai, sannu!"

Sufeto ya sa aka kawo benci, ya zaunar da Audi da Yazid. Ya dunƙule hannu ya sa tsakanin gwiwoyin Audi.

"Matse."

Audi ya matse. Wallahi sai da Sufeto ya ji ƙashinsa na neman tsagewa. Ya zare hannu yana yarfewa, yana dariya.

"Saura kai, Yazid."

Yazid ya gwada. Gwiwoyin ba su kai ga hannun ba ya ƙwalla ƙara, ya dafe hantsarsa.

Sufeto ya miƙe, ya gyara ɗamara, ya dubi jama'a.

"Akwai nama a cikin cinya, ya taso daga ƙashin mara ya gangaro wajen gwiwa. Aikinsa haɗe ƙafafu. In babu sirdi babu likkafa, da shi kaɗai mahayi ke riƙe cikin doki. Wanda ya saba, nasa ya zama ƙarfe. Ɗan babur kuwa, in ya yi sukuwa jiya, yau ko takawa sai da hawaye. Yazid, ina ka kai dokin?"

Yazid ya sunkuyar da kai.

"Yana wata ruga kusa da iyaka. Wani ɗan Nijar zai zo ɗauka gobe. Baba, ka yafe min."

Alhaji bai ko dube shi ba. Aka buga wa Yazid ankwa, kuratan 'yan sanda biyu suka cicciɓa shi mota, don ƙafar ta ƙi ɗaguwa.

Sannan Alhaji ya durƙusa gaban Audi, a idon kowa.

"Na zalunce ka, Malam Audi."

Audi ya tashi tsaye, ya kakkaɓe rigarsa a hankali.

"Na yafe, Alhaji. Amma a masallaci aka ji an ce na yi sata, a can nake so a ji an wanke ni."