Rijiyar da Aka Rufe da Kankare

Motar kankare ta makara, ba ta iso Maigatari ba sai da rana ta yi ja. Nasrullahi, foman ɗin aikin, ya tsaya a bakin ramin yana duban sama yana tsaki. Kankaren da aka riga aka kwaɓa ba ya jiran gobe. In ya kwana a cikin mota ya zama dutse, shi kuma ya zama tsohon foman. Don haka ya yanke shawarar a zuba yanzu, ko da magariba za ta riske su a kai.

Bene ne mai hawa goma sha biyu wani kamfani ya ɗauri niyyar ginawa a gefen gari, abin da ko Gumel ba ta taɓa gani ba. Ba a kai ga aza bulo ko ɗaya ba, amma mutane har tabarma suke kawowa su kalli rami. Ramin kuwa ya isa kallo. Zurfinsa gaba huɗu, an shimfiɗe ƙasansa da rodi, an ɗaɗɗaure da waya kamar ragar kaji.

Kwana biyu kafin nan masu haƙa suka ci karo da bakin wata tsohuwar rijiya a kusurwar gabas, busasshiya ƙamas. Bappa Gudaji, wani tsohon makiyayi da ya shayar da shanu a wurin tun yana saurayi, ya zo ya leƙa, sannan ya juyo ga Nasrullahi.

"Ɗana," ya ce, "rijiya ba a rufe ta haka nan. A zura igiya a bar ta kwana uku, na ciki su hau su fita. Kuma ko me za a yi, ban da almuru."

"To, Bappa, za a yi."

Ba a yi ba. Nasrullahi mutum ne mai ladabi, irin wanda zai durƙusa ya ce maka to, ya miƙe ya yi abin da ya ga dama. Ya sa aka kifa fallen kwano a bakin rijiyar, aka bi ta kai da rodi.

Amma akwai ƙa'idar aiki guda da bai taɓa tsallakewa ba. Kafin a saki kankare, sai ya tsaya a bakin rami ya tambaya sau uku ko da mutum a ciki. Ya ƙirga leburori, su goma sha tara, duk suna sama, suna alwala a gindin tanki. Ya dubi Usaini, mai riƙe da injin da ke tura kankare cikin bututu.

"Kada ka saki sai ka ji daga bakina."

Ya matsa bakin ramin. "Da mutum a ciki?"

Shiru. Ya sake tambaya. Wani wari ya taso masa, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da fitsarin shanu, alhali rabon garin da ruwan sama wata biyar. Ya tambaya na uku.

"Muna ciki."

A hankali aka faɗa, kamar mai magana da baki cikin tulu. Nasrullahi ya yi tsaki. Wani sakaran ne ya laɓe yana barci, ya ce a ransa. Ya kama tsani ya sauka.

Tun a tsakiyar tsanin ƙarar injin ta fara nisa, kamar an toshe masa kunne da auduga. Ƙasan ramin sanyi ƙalau. Ya taka rodi yana tafiya a karkace, yana leƙa kusurwa kusurwa. Babu kowa.

Sai ya ji guga ta faɗa ruwa. Tsulum.

Daga gabas ne. Fallen kwanon nan yana ɗagawa yana sauka, yana ɗagawa yana sauka, kamar cikin mai barci.

"Ina igiyar?" aka raɗa.

 Ya buɗe baki zai yi a'uziyya. Wani abu mai sanyi ya shige masa maƙogwaro, ya ji ana zaro wani abu daga ƙirjinsa, a hankali, hannu bayan hannu, yadda ake janyo guga.

Sai ya ji muryarsa. Ba daga bakinsa ba, daga can sama, a bakin ramin. Har da ɗan tsakin da yake yi.

"Usaini, babu kowa. Saki!"

Bututu ya yi gurnani. Kankare ya ɓarke.

Ya zabura zai nufi tsani, ƙafarsa ta zurma tsakanin rodi biyu, waya ta naɗe masa idon sawu. Ya ja. Ya sake ja. Ya kwarma ihu iyakar ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ko iska ba ta fito ba.

Kankaren ya iso, mai nauyi, mai ɗumi. Ya rufe takalminsa.

Ya ɗaga kai. Ga leburorinsa nan a sama sun yi sahu, sun tayar da salla, yana ganin ƙeyarsu. Mutum goma sha tara, kowanne zai iya ceto shi da hannu ɗaya, ba wanda ya san yana nan. Bai taɓa jin kaɗaici irin wannan ba.

Kankaren ya kai masa gwiwa.

Ya ciro guduma daga ƙugunsa ya dinga dukan rodi. Injin ya haɗiye ƙarar.

Ya kai cinya. Siminti ya fara cin fatarsa.

"Haka ake ji," aka raɗa, dab da kunnensa. "Haka."

Ya kai ƙugu. Gudumar ta suɓuce. Ya daina ja, hawaye kawai ke zuba. Ya so ya yi kalmar shahada, leɓɓansa suna motsi a banza.

Wani abu ya dokar masa kafaɗa. Igiya ce, tana warin shanu.

Bappa Gudaji ne, yana komawa gida daga kasuwar dabbobi da igiyar bijimin da ya sayar. Ƙarar injin da almuru ce ta karkato da shi ya leƙa. Shi ya daka wa Usaini tsawa, shi ya sa mutane suka katse salla. Mutum shida suka ja kafin kankaren ya saki Nasrullahi, ba takalmi, ba fatar idon sawu.

Usaini yana kuka yana rantsuwa. "Wallahi yallaɓai kai ka ce in saki. A bayana kake tsaye. Kowa ya ji!"

Kowa kuwa ya ji.

Ƙafa ta warke cikin wata biyu. Murya ba ta dawo ba. An je asibiti a Gumel, an je Kano, likitoci sun haska maƙogwaron sun ce lafiyarsa lau. Malamai sun yi ruƙiyya har sun gaji. Kamfani ya ɗauki wani foman, gini ya ci gaba, yanzu yana hawa na biyar. Nasrullahi ya koma gidansa a Ɗanzomo, yana magana da hannu, matarsa Tayyiba tana fassara wa baƙi.

Wata Laraba, yana zaune a ɗaki ya idar da sallar magariba, Tayyiba ta shigo da gudu daga tsakar gida, hannunta duk gari, fuskarta cike da murna.

"Alhamdu lillahi, Malam! Bakin ya buɗe!"

Ya dube ta. Ta dubi dardumar da yake kai, ta dubi ƙafafunsa da ba takalmi. Murnar ta fara zagwanyewa.

"Ba kai ka yi sallama yanzu a zaure ba?"

Ya girgiza kai.

"Na shiga uku," ta ce da raɗa. "Na amsa. Na ce a shigo."