Albarka da Sunan Ƙane

“Sau nawa za mu je, Irimiya? Sau nawa?”

“Ki yi haƙuri, Lilian. Yau ɗin kawai.”

“Haka ka ce wancan makon.”

Ni dai Allah bai ba ni haƙuri ba, kowa a Fadikpe ya sani. Amma na hau bayan babur ɗinsa muka kama hanyar Maikunkele, domin babana ya kafe: ba zai sa mana ranar aure ba sai mahaifin Irimiya ya ɗora mana hannu ya yi addu'a. Can ne kuma gizo yake saƙar.

Baba Jonah dattijon coci ne, 'ya'yansa maza biyu. Irimiya ne babba, shi ya bar makaranta ya riƙe gonar doya. Caleb ne ƙarami, ɗan lelen Baba, da kuɗin wannan doyar ya yi jami'a a Gidan Kwano, ya tafi Abuja ya daina ɗaga waya. Yanzu idanun Baba sun rufe, tunaninsa ya fara rikicewa. Duk zuwan da muka yi, maganarsa ɗaya ce: “Ku jira Caleb ya dawo.”

Abin haushin, mutumin nan ya sha yin wa'azi a kan iyayen da ke bambanta 'ya'ya.

Mama Margaret, mahaifiyar Irimiya, ta tare mu a bakin ƙofa, idanunta jajur.

“Jikin ya ƙi, ɗana. Ko kunu bai sha ba.” Ta rage murya. “Muryarku iri ɗaya ce... ka ce masa kai ne Caleb.”

“Mama!”

“Ni zan ɗauki alhakin. Yarinyar nan ta gaji da jira.”

Na buɗe baki zan ce ban yarda ba, Irimiya ya dube ni. Wallahi ban taɓa ganin babban mutum da irin wannan yunwar a ido ba. Na bi shi ɗakin Baba.

Muka durƙusa a gaban gadon.

“Wane ne?” in ji Baba.

Irimiya ya matsa kusa. “Ni ne, Baba... Caleb. Na kawo maka wadda zan aura.”

Tsohon da ko juyawa ba ya iya yi ya yunƙura ya zauna. Ya lalubo kan Irimiya ya rungume, yana kuka yana dariya.

“Autana, hasken idona. Na san ba za ka bar ni in mutu ban ji ka ba.”

Ya ɗora mana hannu, ya yi ta zuba albarka, ta zuriya, ta lafiya, ta gida mai salama. Irimiya ya sunkuyar da kai yana cewa amin. Ni kuwa zuciyata ta cika da baƙin ciki, amin ɗina ma da ƙyar ya fito.

Da ya gama, ya kamo tafin hannun Irimiya yana shafawa. Sai ya tsaya a kan kantar da garma ta bari. Na ce a raina, ya gane shi, yau zai kira sunansa.

“Hannunka ya yi kaushi, ɗana,” Baba ya ce cikin ɓacin rai. “Wa ya sa ka aikin gona? Ina Irimiya yake, da ya bar ka kana wahala haka?”

Mama ta toshe baki da gyale ta fita.

“Yana gona, Baba,” Irimiya ya amsa a hankali.

Mun sami abin da muka zo nema. A hanyar komawa ina jin bayan Irimiya yana jijjiga da kuka a ƙirjina. Sai da muka wuce filin jirgi ya rage gudu.

“Masoyiyata... don Allah ki kira sunana.”

Na ƙanƙame shi ina hawaye. “Irimiya,” na ce. “Irimiya.”

Har muka shiga Fadikpe ban daina ba.