Kukan Odessa a Kan Dandali

"Wendell, ka janye wasan kwaikwayon nan. Roƙonka nake."

Mijina ya ajiye kofin kofi yana kallona.

"Maxine, abar ƙaunata... shekara nawa muna cin waken gwangwani a Brooklyn muna jiran wannan rana? Yau zauren wasan cike yake, New York kaf sunana take kira."

"Da kukan yayata ka cika shi."



Kafin aurenmu Wendell ɗan haya ne a gidanmu a Dayton. A gabansa ɗan Yaya Odessa ya nutse a kogi, kanta ya taɓu. Kullum da rana sai ta tsaya a ƙofa tana kiran yaron ya zo ya ci abinci. Wannan kiran Wendell ya ɗora a dandali, ko kalma bai sauya ba. 'Yan jarida suka bi diddigi har ƙofar gidanmu na Dayton.

Washegarin gardamarmu Mama ta iso daga Dayton a jirgin ƙasa. Ta ƙi zama.

"'Yar uwarki ta daina cin abinci. Mutane tsayawa suke a titi suna jiran ta yi kiran, har da masu ɗaukar hoto."

"Mama, zan sake yi masa magana..."

"Ban ce ki rabu da mijinki ba, 'yata. Ni dai ƙarfina ya ƙare."

Na haɗa kayana zan bi Mama gida. A tasha Wendell ya riƙe akwatina, idonsa jajir.

"Zan sauya sunan garin a wasan. Zan kai yayarki asibitin da ya fi kowanne."

"Za ka janye?"

"Ba zan iya ba, Maxine... duk rayuwata ban taɓa rubuta gaskiya irin wannan ba."

"Na sani. Ni ma da na kalla sai da na yi kuka."

Na zare akwatin daga hannunsa. Har jirgi ya tashi ina jiran ya ce wani abu.

Da bazara aka ba shi babbar lambar yabo. A rediyo na ji, ina ba Yaya miya da cokali. Muryarsa na rawa ya ce, "Wannan ta matata ce, in tana jina."

Yaya ta juyo. "Waye wannan, Maxine? Kamar kuka yake."

Na goge mata haɓa.

"Wani ne da ya iya rubutu. Buɗe bakinki, Yaya."