Kada Ka Soke Tikitin

Ranar da ya fara shigowa ofishinsu ko sallamar kirki bai yi ba. Ya turo ƙofar gilashi da kafaɗa, ya wuce kujerun jira, ya dire wayarsa a kan teburinta.

"Malama, kuɗina na zo karɓa."

Ta ɗago daga kan kwamfuta. Dogon saurayi ne, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, da farar rigar asibiti naɗe a hammata. Ita dai ta saba. A ofishin sayar da tikitin jirgin sama ba a wuni ba a ga irin wannan fuskar ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Zauna tukuna."

"Ban zo zama ba."

"To tsaya."

Ta duba lambar tikitin, ta buga a kwamfuta. Tafiya ce zuwa ƙasar waje, babu dawowa. Shi kuwa yana tsaye a kanta yana zuba bayanin da ba a tambaye shi ba. Ma'aikacin jinya ne. Wani asibiti a can ya ɗauke shi aiki, ya sayar da babur ɗinsa ya sayi tikiti, abokan aiki har sun yi masa liyafar ban kwana, sai ga saƙo wai sun fasa. Ga shi ya koma tsohon aikinsa cike da kunya, kuma a ƙasa.

"Ayya," ta ce. "Sai dai irin mai arha ka saya. Wannan ba a mayar da kuɗinsa. Ga shi nan an rubuta."

Ta juya masa fuskar kwamfutar, ta nuna da bakin biro. Ya sunkuya, ya ƙanƙance ido.

"Wannan rubutun ai ko tururuwa sai ta sa tabarau! Wato kujerar tana nan, su sayar wa wani, su ci nawa su ci nasa?"

"Haka dai."

"Kuma kina zaune kina ce min haka dai?"

Dariya ta so kuɓuce mata, ta danne. Ya fizgi wayarsa, ya ce to gara ya soke abin ya huta da ganinsa. Ai kuwa ta miƙe zumbur har kujerarta ta bugi bango.

"Kada ka soke!"

Duk ofishin aka juyo. Ita kanta sai da kunya ta kama ta. Amma a aikin nan babu abin da ke ƙona mata rai kamar ta ga mutum ya soke tikiti cikin fushi.

"Saurara," ta ce a hankali. "In kai ka soke, ko sisi ba za ka gani ba. In kamfanin jirgin ne ya soke tafiyar da kansa, dole ya biya ka duka. Bari in tura maka ranar can gaba, mu zuba musu ido. Suna yi, wallahi suna yi."

Sai a lokacin ya dube ta sosai. Sai a lokacin kuma ya zauna.

Tun daga nan ya mayar da ofishin hanyarsa. Da ya tashi daga aiki zai sauko daga motar haya, ya leƙo, ya ce, "Sun soke?" Ta ce, "Tukuna." Ya yi tsaki, ya la'anci kamfanin jirgi da masu ƙananan rubutu, sannan ya ja kujera. Matar da ke karɓar kuɗi a ofishin ta raɗa masa suna Fasinja, sunan kuma ya bi shi. Shi ma ya rama, ya ce da yarinyar Hajiya Ba-a-mayarwa.

Wata rana ya dage sai sun kira kamfanin da kansu. Suka ajiye wayar a tsakaninsu, wani kiɗa mai sa barci yana ta maimaita kansa, wata murya tana cewa su ƙara haƙuri. Har shayinsa ya huce. Da aka ɗauka, aka tura su wani sashe, sashen ya tura su wani, can layin ya yanke ɗif.

Ya dafe kai. Ita kuwa ta kifa fuska a tebur tana dariya har da hawaye.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Hajiya Ba-a-mayarwa, yau na yi asarar kuɗin waya da lokacin barcina, amma na ga dariyarki. Gobe ma mu kira su."

Ta amsa:

"Fasinjana, ka ci abinci ka kwanta. Marasa lafiya suna jiranka da safe. Tikitinka yana hannuna, ba na bari ƙuda ya sauka a kansa."

Ya rubuto:

"Tikitin kaɗai ne a hannunki? Sake dubawa, hasken idona."

Ta karanta wannan ya fi a ƙirga, ta rufe fuska da filo.

To, daɗi ba ya cika sai da Baba. Mahaifinta tsohon tela ne, mai magana ɗaya. Kuma yana da dalili, don duk wanda ya shiga gidan sai ya ga wani babur lulluɓe da tamfol a tsakar gida. Mijin Yayarta ne ya bar mata shi ranar da ya hau jirgi, ya ce da ya zauna da gindinsa zai aiko mata. Shekara da shekaru ke nan. Yaya tana ɗakinta na 'yan mata da 'yarta, kira ya koma saƙo, saƙo ya koma shiru.

Ranar da Fasinja ya zo gaisuwa, ya durƙusa a falo, Baba ya dube shi ta saman tabarau.

"Na ji an ce ka so tafiya waje."

"An fasa, Baba."

"Tikitin fa?"

"Yana nan. Muna jira ne kamfanin..."

"Yana nan." Baba ya ajiye almakashi. "Samari, na taɓa aurar da 'ya ga mai tikiti a aljihu. Leƙa tsakar gida ka ga abin da ya bar min. Muddin tikitin nan yana raye, kada ka sake tako min ƙofa."

Haba! Yarinya ta yi bayani har muryarta ta dushe. Ta ce ita ce ma ta hana shi sokewa, dabarar aiki ce. Baba ya ce shi bai san dabara ba, ya san mutum ba ya ajiye takalmi a bakin ƙofa sai in yana da niyyar fita. Ya ƙara da cewa ga ɗan maƙwabcinsu mai kantin kayan gini, yaro natsattse, ko tashar mota bai taɓa wucewa ba, kuma ya daɗe yana aiko da gaisuwa.

Kafin ta gama kuka saƙon Fasinja ya shigo:

"Zuciyata, kada ki damu. Gobe zan soke shi, a wuce wurin."

Da wata ce, ai sai ta yi tsalle. Amma ita ma'aikaciyar tikiti ce, hannunta ya riga zuciyarta rubutu:

"Don Allah kada ka soke! Jirgin nan ya fara tashi rabinsa babu kowa, na tabbata sun kusa dakatar da shi. Ka ƙara haƙuri kaɗan, kuɗin babur ɗinka zai dawo."

Can ya amso:

"Baba ya ce in zaɓa, na zaɓe ki. Ke kuma kin zaɓi tikiti. In so kike in tafi, ki faɗa min kai tsaye."

Ta kira, bai ɗauka ba. Kuma don abin ya ƙara dagulewa, washegari ya biyo ta layinsu a motar haya ya hango motar mai kayan gini a ƙofar gidansu, ana sauke wa Baba fenti kyauta. Shi ke nan, ya ɗauke ƙafa. Kwanaki suka shuɗe ƙofar gilashi tana buɗewa tana rufewa, babu mai cewa "Sun soke?" Ta riƙa buɗe tikitinsa a kwamfuta tana kallo kamar hoto. Ta yi fushi da shi, ta yi fushi da Baba, ta yi fushi da kamfanin da ya ƙi soke jirgin banza. Har wani bawan Allah da ya zo tambayar farashi ya sha faɗan da bai san dalilinsa ba.

Yaya ce ta same ta da safe tana guga.

"Ke, me ya haɗa ku?"

Ta miƙa mata wayar. Yaya ta karanta, ta dube ta sama da ƙasa.

"Amma ke dai an yi sakarya."

"Yaya, asara fa zai yi! Duk abin da ya mallaka..."

"Rufe min baki. Ni da na tsaya a filin jirgi ina roƙon Allah mutumin nan ya juyo ya ce ya fasa? Ko waiwaye bai yi ba. Ke an ce za a fasa dominki, kina lissafin babur."

Yaya ta juya ta shige ɗaki. Rigar da ke ƙarƙashin dutsen guga ta fara ƙauri.

Ranar a ofis yarinya ta rubuta saƙo ta goge, ta rubuta ta goge. Da aka tashi ta ce gara ta je gida ta nutsu. Tana shiga ta ga takalmin da ta sani a ƙofar falo, duk ƙura.

Yana durƙushe gaban Baba, ya rame. Wayarsa tana hannun Baba, Baba ya nisanta ta da fuskarsa yana ƙoƙarin karantawa.

"Ku danna da hannunku, Baba," in ji Fasinja. "Ko ba za ku ba ni ita ba, ba na son a ce da niyyar gudu na shigo gidanku."

"Ina ake dannawa? Duk rubutun ƙanana ne."

Fasinja ya ɗago ya gan ta a bakin ƙofa. Ita kuwa ta san an kusa dakatar da jirgin nan, ta san shi kamar yunwar cikinta. Ta tako, ta durƙusa gefen kujerar mahaifinta.

"Jan nan na ƙasa, Baba. Zai tambaya ko kun tabbata. Ku ce e."

Babban yatsan Baba, mai kantar almakashi, ya sauka. Wayar ta yi ɗan ƙara. Kuɗin babur ɗinsa ya tafi.

Baba ya miƙa wa Fasinja wayarsa. Sannan ya ce, "Ka turo manyanka." Ya ɗaga murya ya ce a mayar wa mai kanti fentinsa, a ce an gode.

Washegari ta shiga ofis tana murmushi har kunne. Ta kunna kwamfuta. Saƙo na farko daga kamfanin jirgin ne: sun dakatar da wannan tafiyar gaba ɗaya, duk mai tikitin da bai soke ba za a biya shi cikakke.

Ihun da ta yi sai da mai gadi ya leƙo.

Ta kira shi nan take. "Sun soke! Fasinja, sun soke! Yau! Da mun kwana kawai, da mun kwana!"

Sai ta ji wani sauti, ta kasa gane kuka ne ko me. Ashe dariya yake, irin wadda ke hana numfashi.

"Dariya kake? Wallahi sai na kira su! Sai na..."

"Kira su, zuciyata. Ki gaishe min da mai kiɗan nan."

Ta kira kuwa. Ta sha kiɗa, aka tura ta sashe zuwa sashe, daga ƙarshe wata murya mai ladabi ta karanta mata dokar da ita kanta ta haddace: wanda ya soke da kansa ba a mayar masa. Ta ajiye wayar ta yi kukan takaici mai isarta.

Da ta kai wa Baba labari tana huci, ya cire tabarau ya goge.

"Gara da aka yi haka," ya ce. "Da sun biya shi, da har in mutu ban san wanne ya fi so ba."

Ranar ɗaurin aure ango ya sauko daga motar haya da abokansa, yana kare farar rigarsa daga ƙofar motar. Bayan an watse, Yaya ta kira shi tsakar gida. Ta kama bakin tamfol ɗin nan ta yaye. An wanke babur ɗin, an sa masa sabbin tayoyi. Ta miƙa masa makulli.

"Nawa ne, ni aka bar wa. Ya gaji da jiran mai shi, ni ma haka. Ka riƙa kai ƙanwata aiki, ka kuma dawo da ita da kanka."

Ya karɓa da hannu biyu. Amarya ta faɗa jikin yayarta, suka yi ta kuka.

Baba ya fito ya dafa kan ango, ya dafa kan 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuri'a ta gari, ya zaunar da ku lafiya. In kuma tafiya ta kama wata rana, ku tafi tare."

Duk gidan aka amsa da amin. Amarya ta share hawaye, ta matso kusa da kunnen mijinta.

"In ta kama, ni zan sayi tikitin. Kai ba ka karanta ƙananan rubutu."