Mai Aron Lambar Shiga

Ƙanwata Auta tana shekarar ƙarshe a sashen injiniyan lantarki. Maƙalun da malaminta ya ce ta karanta suna cikin wani rumbun bincike na intanet, wanda ba ya buɗuwa sai a kwamfutocin laburare, can ɗakin ƙasa. Gab da magariba ta sauka. Mai kula da ɗakin ya ce bari ya yi salla ya dawo. Ƙofar lantarkin ɗakin, wadda sai da kati take buɗuwa, ta yi ƙas a bayansa.

Ɗakin ba taga. Sai ƙugin na'urar sanyi da warin tsohon kafet. Ta sa lambarta ta sirri, ta fara sauke maƙalu.

Can ta ji ana danne-danne a kusurwa. Wani dogon mutum ne zaune, ya ba ta baya. Ba ta ga shigowarsa ba.

"'Yar'uwa," ya ce ƙasa-ƙasa, "ara min lambarki. Tawa ta daɗe da mutuwa."

Auta ba ta iya hana mutum abu ba. Ta faɗa masa.

Nan take kwamfutarta ta fitar da ita, wai wani ya shiga da sunanta. Ta waiga. Kwamfutarsa a kashe take, ko jona ta ba a yi ba. Amma yatsunsa ba su tsaya ba.

Warin ɗakin ya koma na tsohuwar rijiya.

Ta lallaɓa ta kara katinta a jikin ƙofa. Jar wuta. Ta sake. Ja. Waya ba sabis. Ta daki ƙofar, ƙarfen ya haɗiye ƙarar.

Danne-dannen ya tsaya. Kujera ta motsa.

"Ke zauna," aka ce da muryar Auta sak. "Ni zan fita."

Ta kamo addu'a, harshe ya yi nauyi.

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarta.

Sai aka ɗauke wuta. Makullin ya saki. Ta faɗa waje, ta hau matakala da rarrafe, ta ci karo da mai kula da ɗakin. Ya haska tocila ciki. Ba kowa.

Ta daɗe tana zazzaɓi. Da takardun da ƙawarta ta buga mata ta ƙarasa aikin bincikenta, ba ta sake taka laburaren ba. Da na je a rufe lambar, wani ma'aikacin laburaren ya ja ni gefe.

"Yaya, na rufe," ya ce. "Amma kullum da magariba ana sauke maƙalu da sunanta daga ɗakin ƙasa. Dukansu a kan yadda ake buɗe makullin lantarki."